Aurena ya mutu, ga yara uku: in kama haya ko in ƙara haƙuri a gidan yayana?

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ƴar Tawa ce, aure ya kawo ni Yamai shekara 11 da suka wuce. Wata biyar ke nan da auren ya mutu, na gama idda. Yarana uku: babbar shekararta 9, namijin 6, autar 2. Ina aikin karɓar kuɗi a wata farmasi kusa da inda nake, da ƙafa nake zuwa, albashina jika 75 na sefa. Ina da firigo, ina sayar da ƙanƙara da zoɓo, wani watan in samu jika 20, wani watan bai kai ba. Yanzu muna cunkushe a ɗaki guda a gidan yayana a Talaje, matarsa kuma ta fara sauya fuska. Uban yaran ya ce zai riƙa ba da jika 30 duk wata, sau biyu ya bayar ya yi shiru. Dillali ya nuna mini ciki da falo a Bobiyel, jika 40, ana son kuɗin wata uku gaba, da garanti na wata ɗaya, da la'adarsa jika 20. Ina tunanin in sayar da firigon da ƴan kunnena na zinariya in biya. Innata kuma ta ce in tattara in komo Tawa, ko in kai wa uban nasu manyan biyu. Ina mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa rabuwar ta zama alheri, ya raya miki zuri'a. Na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin asusun mata, a ƙauye da nan cikin gari, kuma irin wannan wasiƙa taki na ji ta da baki fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Saboda haka ba zan yi miki kwana-kwana ba: kada ki kama ɗakin Bobiyel, kada kuma ki sayar da firigon.

Ɗauko bik da kaye mu yi lissafin tare. Albashinki jika 75. Cire 40 na haya, saura 35. Talaje tana kan hanyar filin jirgi, Bobiyel tana can arewacin gari, ke da kike zuwa aiki da ƙafa yau za ki koma shiga taksi ko faba-faba safe da yamma. A ce ma jika ɗaya kacal kike kashewa zuwa da dawowa, kwana 26 jika 26 ke nan. Saura jika 9. Da jika 9 za ki ciyar da baki huɗu, ki biya ruwa da wuta, ki sayi gaz da sabulu, ki ba yara na karin kumallo a lakwal. Jika 20 ɗin ƙanƙara kuwa sun tafi tare da firigon da kika sayar. Kafin ma a miƙo miki makulli sai kin zube jika 180: wata uku 120, garanti 40, dillali 20. Ki tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun 2024. Hayar da aka nuna miki ta kusa lashe albashin wani magidanci sukutum.

Na san inda zuciyarki ta jingina lokacin da kika ga ɗakin ya yi miki. Kin saka jika 30 ɗin uban yara cikin lissafin, ko ba ki faɗa ba. A nan ne mafi yawan matan da na sani suka zame. Kuɗin nan haƙƙin yara ne, za mu zo kan yadda za ki neme shi, kuma ina so ki neme shi da gaske. Amma mutumin da ya biya sau biyu cikin wata biyar ya riga ya gaya miki irin biyansa. Mai gidan haya bai san da "uban yara bai aiko ba". Ranar 5 ga wata zai tsaya miki a ƙofa. Rufin da ke kanki da kan yaranki, ki ɗora shi kan kuɗin da ke shigowa hannunki da guminki kaɗai, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da uban ya aiko, in ya zo, sai ya tafi kan makaranta da magani da sutura, abubuwan da in sun yi jinkirin mako biyu ba za a watso muku kaya waje ba.

Akwai wata da ke cikin wani asusu da nake bi, tela ce, hannunta na da kyau ƙwarai. Da aurenta ya mutu sai ta rantse ba za ta bari dangin mijin su ga ta koma ɗaki guda ba. Ta sayar da keken ɗinkinta na zamani, ta kama gida mai tayil da fanka a sama. Na je mata barka, har da labule sabo. Wata na huɗu, da kuɗin gaba suka ƙare, na same ta zaune a kan tabarma a falon, ta jera kwanukan aurenta tana ware waɗanda za a kai wa dillaliya. Wata na shida mai gidan ya turo yaro ya kwance ƙyauren ɗakin ya tafi da shi, ta rataya zane a ƙofar, cikin sanyin Janairu, da jariri. Daga baya ta koma ɗinki a shagon wata, ana biyanta da guda. Shekara biyu ta yi kafin ta sake mallakar keke. Duk lokacin da mace ta ce mini za ta sayar da abin sana'arta don ta biya haya, wannan zanen nake gani yana kaɗawa.

Firigonki ita ce saniyar tatsarki. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Yamai ke tafasa, da kuma cikin azumi, kin fi ni sanin abin da ƙanƙara ke kawowa. In har ta kama dole a sayar da wani abu, zinariya ce za ta fita kafin firigo, don ƴan kunne ba sa haihuwa. Amma ni ko su ban so ki taɓa ba yanzu. Su ne ajiyarki ta ranar da yaro zai kwanta asibiti da tsakar dare. In ranar ta zo, ki kai a auna a wuri biyu ko uku kafin ki sallama, kada ki ba mai saye na farko don gaggawa.

To wane irin ɗaki ne daidai ke? A ganina hayarki kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin, wato jika 25, in an samu na 20 ya fi. Na san abin da wannan kuɗi ke kamawa a Yamai yau: ɗaki guda babba da ƴar rumfa, ko ƙaramin ciki da falo a gidan haya na jere, tsakar gida ɗaya, bayan gida na tarayya. Ba abin alfahari ba ne, na yarda. Amma ki nema a nan Talaje ko unguwannin da ke jikinta, inda ƙafarki za ta kai ki aiki, ta kai ki gidan yayanki. Ba ki ambaci wanda ke riƙe miki autar ba in kin tafi farmasi, amma na tabbata akwai wanda ke riƙe ta a gidan nan, wataƙila ma matar yayan da kike ƙorafi a kanta. In kika yi nisa, ko dai ki ɗauki mai raino ki biya, ko nauyin ya faɗa kan ƴar shekara 9, ta fara makara a lakwal, ta fara fashi, a wayi gari ta zama uwa tun ba ta san kanta ba. Wannan asara ce da ba ta fitowa a kaye, amma ta fi ta kuɗi zafi. Haka ma tallar ƙanƙara: a zo gida a saya, ko ki ba mai shago ya sayar ya cire nasa. Kada ki ɗora wa yarinyar kula a ka.

Yanzu maganar gidan yayanki. Sauya fuskar da matarsa ke yi, sau da yawa ba ƙiyayya ba ce. Mace ce da aka shigo mata da mutum huɗu, ba a ce mata ga ranar tafiya ba, tukunyarta ta ƙaru, kuɗin wuta ya hau saboda firigon da ba nata ba, ga hayaniyar yara. Baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba shi ke gundura. Ki sami yayanki ki ce masa: "Yaya, ina roƙon wata huɗu nan gaba. In Allah ya yarda daga nan zan kama wurina." Sannan ki je wurinta ita kanta, ba ta bakinsa ba, ki gaya mata haka. Ki ɗauki abu guda sananne ki ce naki ne duk wata, kuɗin wuta ko cikon gaz ko ƙaramin buhun shinkafa. Abu guda da kowa ya san ke ke yi ya fi ki yi ta ƴan saye-saye kullum ba wanda ya lura. Za ki ga fuskar ta saki, ko ba duka ba.

Cikin wata huɗun nan ki gwada abin da nake sa matan asusu su gwada. Ranar da albashi ya shigo, ki cire jika 25 ki kai inda hannunki ba zai kai gare su da sauƙi ba, kamar dai kin biya mai gida. In kin iya wata huɗu ba ki taɓa ba, kin tara jika 100 na shiga sabon ɗaki ba tare da kin sayar da ko cokali ba, kuma kin tabbatar wa kanki za ki iya hayar. In kuwa a wata na biyu kika ga dole sai kin ciro, to kin gane jika 25 ma ta yi miki yawa, kin gane kuma tun kina gidan ɗan'uwanki, ba a gaban mai haya ba.

In lokacin neman ɗakin ya yi, ki shirya jin maganar banza. Akwai masu gidajen da da sun ji "bazawara" sai su ce an riga an kama. Ki tafi da yayanki a matsayin mai tsaya miki, amma takardar haya da sunanki za a rubuta, rasiɗin kowane wata ma da sunanki. Ko mai gidan ya ce "haba, ai mun zama ɗaya", ki ce a rubuta: nawa ne hayar, nawa kika ba da na gaba, nawa ne garanti, da sharaɗin mayar miki da shi ranar tashi. Ki duba gindin bango. In kin ga layin da ruwa ya bari, ko sabon shafe daga ƙasa zuwa gwiwa alhali saman tsoho ne, ki tambayi maƙwabta, ba dillali ba, yadda gidan ke kwana a watan Agusta. Wanda ya ga abin da kogi ya yi wa unguwannin Saga da Kirkisoy da Lamorde a 2020, ko ruwan 2024 da ya sa har aka ɗage komawa makaranta, ba ya raina wannan tambaya. Araha a kwari tsada ce.

Sai wuta da ruwa, waɗanda su ne ke haɗa faɗa a gidan haya fiye da kishi. In mitar kamfanin wuta na NIGELEC ɗaya ce ga gidan duka, ranar da aka ga an shigo da firigo za a fara ƙunƙuni, duk watan da takarda ta yi nauyi ke za a kalla. Ki nemi ɗaki mai mitarsa, ko a sa miki ƙaramar mita da za ta nuna abin da kika sha, a yi wannan magana kafin ki biya. Ki ce a nuna miki takardar wuta da ta ruwa ta ƙarshe, kada ki gaji bashin wanda ya tashi. Gidan da babu famfo kuwa, ki lissafa bido nawa za ki saya wurin ƴan ga-ruwa kullum, da wankin yara uku da ruwan ƙanƙara. Wani lokaci ɗakin jika 20 marar famfo ya fi na jika 25 mai famfo tsada.

Mu dawo kan uban yara, don ban ce ki yafe ba. Mata da yawa suna cewa "na bar shi da Allah, ba zan roƙe shi ba". Na fahimci zuciyar, amma abin da kike yafewa ba naki ba ne. Ciyar da yara da tufatar da su da maganinsu a wuyan uba suke, ko suna hannunki. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa kan wanda aka haifa wa ɗan, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta ce mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, har kason wurin kwanan yaran ana duba shi a kan uba. Ke da kika gama idda ba ki da sauran ciyarwa a kansa, amma su suna da ita.

A Nijar babu kundin dokar iyali guda da ake aiki da shi. Maganar aure da saki da riƙon yara, alƙali na duba ta bisa al'adar masu shari'ar, da masana al'ada zaune a gefensa suna ba shi shawara, mu kuwa al'adarmu ta cuɗanya da fiƙihu. Abin da wannan ke nufi gare ki shi ne, takarda da shaida suna da nauyi ƙwarai. Kin karɓi takardar saki? In da baki ya yi, ko a ƴar guntuwar takarda ya rubuto, ki je kotun da'irarku a tabbatar da sakin a hukumance. A wannan zama ne ake iya tsayar da wanda zai riƙe yara da abin da uban zai riƙa bayarwa. Yamai da'ira biyar ce, ki tambayi wadda ta shafe ki.

Ba sai kin fara da kotu ba. Ki fara da waliyyan da suka ɗaura auren, naki da nasa, su zauna. In bai ji ba, akwai mai unguwa, akwai Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda ta daɗe tana sulhunta irin wannan a nan Yamai. Duk inda aka yi sulhun, a rubuta, ya sa hannu, shaidu su sa, sannan a kai wa alƙali ya tabbatar, don takardar da alƙali ya tabbatar ita ce ake iya tilasta aiki da ita. In kuɗin bin shari'a ya gagare ki, akwai hukumar ANAJJ da gwamnati ta kafa don taimakon marasa ƙarfi a fannin shari'a, akwai kuma ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, AFJN. Ba ki faɗi sana'arsa ba. In ɗan albashi ne, lamarin ya fi sauƙi: dokar OHADA, wato dokar harkokin kasuwanci ta bai ɗaya wadda ƙasashen Afirka 17 har da Nijar ke aiki da ita, ta tanadi hanya ta musamman da ake cire kuɗin ciyarwa daga albashin mutum tun a wurin aikinsa, muddin akwai hukunci a hannu. In ɗan kasuwa ne ko mai tafiye-tafiye, sai an haɗa da dabara.

Dabarar kuwa ita ce ki gane abin da ke hana shi. Maza da yawa ba yaran suke ƙi ba, miƙa wa tsohuwar mata kuɗi a hannu ne ke yi musu ciwo, ga masu zuga a gefe suna cewa "da kuɗinka za ta yi kwalliya ta auri wani". To ki cire masa wannan hujja. Ya biya makaranta da kansa ya kawo rasiɗi. Ya sauke buhun shinkafa ko na hatsi duk wata. Takardar magani in ta fito a aika masa hotonta ya biya. Abin da ya rage na tsabar kuɗi ya turo ta Nita ko Amana ko ta waya, yadda kowane turawa zai bar shaida, ku huta da "na ba ki" da "ba ka ba ni ba". Na taɓa raka wata gaban alƙali, tsohon mijin ya zo da babbar riga yana rantsuwa bai taɓa fashin wata ba. Ba ta ce masa uffan ba. Ta buɗe jaka ta fito da kaye irin na ƴan firamare, bangonsa har ya yi laushi. Kowane shafi wata guda: abin da ya aiko a dama, abin da ta kashe wa yara a hagu, rasiɗan farmasi da na makaranta an liƙe su da ƙulli na zare. Alƙalin ya yi ta juya shafi yana gyara tabarau. Zaman bai yi tsawo ba. Ki buɗe irin wannan kaye yau, ki fara da biyun da ya bayar da ranakunsu.

In za ki faɗi abin da kike nema, kada ki yanko adadi daga sama. Ki rubuta abin da yaran uku ke ci a wata, kuɗin makaranta a raba shi 12, sabulu, takalmi, magani. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, alƙali ma haka.

Takardun haihuwar yara su kasance a hannunki, ko aƙalla kwafin da aka buga wa hatimi. Wanda ba a yi masa ba, a nema masa ta kotu tun yanzu, kada sai jarrabawa ta zo a shiga guje-guje. Kayan ɗakinki da sadakinki naki ne, in akwai abin da ya rage a gidansa ki aika manya su kwaso da shaida. A wurin aikinki kuma ki tambaya ko an yi miki rajista a CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, don kuɗin tallafin iyali da na fansho duk daga nan suke fitowa.

Batun Inna. Allah ya saka mata, tausayi ne ya sa ta faɗi haka. Amma komawa Tawa na nufin ajiye albashin jika 75 da ke zuwa duk wata, a tafi neman wani daga farko. In da ba ki da aiki, da ni ma na ce ki tafi, gidan uwa ba haya. Da aiki a hannu ban ga dalili ba. Ga kuma wani abu: tsakanin Yamai da Tawa ya haura kilomita 500, kuma malaman Malikiyya sun yi magana kan uwar da ta ƙaura da yara nesa da ubansu, har hakan na iya ba shi damar karɓarsu. Kada ki ɗaga ƙafa sai an yi wannan magana a rubuce. Kai masa manyan biyu kuwa, na san al'adarmu na cewa yaro in ya kai shekara 7 na uba ne, amma a fiƙihu riƙo na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, sai in uwar ta yi wani aure, nan ma kakar yara ta wajen uwa ce ke gaba. Alƙali kuma yana duba inda yaron zai fi samun kulawa. In kin ga can za su fi samun karatu da tarbiyya, kin san matar da za ta riƙe su, wannan shawara ce da za a iya zama a yi. Amma kada ki kai su don fushi, ko don ki nuna masa nauyinsu. Yaro na gane ranar da aka mai da shi saƙo.

Abin da Tawa za ta yi miki shi ne hatsi. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, gero da wake suna sauka, daga Yuni zuwa Agusta kuma su hau. Ki aika wa Inna kuɗi da kaka ta auna miki, a ɗoro a mota. Buhu guda a ƙuryar ɗaki na sa uwa ta yi barci ko aljihu ba ko dala. In kin ji OPVN, hukumar ajiyar abinci ta gwamnati, ta buɗe sayar da hatsi da rahusa a da'irarku, ki je ki bi layi, ba abin kunya ba ne.

Shekara tana da ramuka, kuma kowa ya san inda suke: komawa makaranta a Oktoba, azumi da ƙaramar salla, babbar salla, sai zazzaɓin cizon sauro daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta. Ba ɗaya cikinsu da ke zuwa ba zato, amma kullum sai a yi kamar an yi mana kwanton ɓauna. Kuɗin ƙanƙara na watannin zafi ki ware su don waɗannan, kada su shiga cefanen yau da gobe. In za ki shiga adashe, ki roƙi kwasarki ta faɗo a Satumba, kuma ki shiga wanda zubinsa ba zai hana ki barci ba, wurin uwar adashen da aka daɗe ana kwasa a hannunta lafiya. Ni dai na fi son asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka faro a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu ƙasar duka: ana zubi duk mako a akwati, mai bukata ta ranta ta mayar, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Amfaninsa gare ki shi ne akwai inda za ki ranci jika 10 ranar da yaro ya yi zazzaɓi, a hannun matan da suka san ki. Autarki kuma tana cikin ƴan ƙasa da shekara 5 da aka yafe wa kuɗin magani a asibitocin gwamnati tun 2006. Wani lokaci za a ce maganin ya ƙare sai kin saya a waje, amma duk da haka ki fara da can, da katinta a hannu.

Bashi don biyan haya, a'a. Bashi na shiga ne inda zai fito da riba, kamar ƙaro sukari da leda gab da azumi. A ƙasashenmu masu amfani da sefa ta yammacin Afirka, an kayyade wa ƙananan cibiyoyin ba da rance kada ruwansu ya wuce kashi 24 cikin 100 a shekara. Mai ba ki jika 10 ki mayar da 12 ƙarshen wata, kashi 20 yake karɓa a wata guda, ki auna ki gani. Ban da ma haramcin riba da kika sani.

Sai biki, wanda na san ba a son a taɓa. Anko, gudummawa, suna, kai amarya. Bazawara ta fi kowa jin dole ta fito tsaf don kada a ce ta lalace. Ki yanke wa kanki abin da za ki iya a wata, ko jika 3 ne, in ya ƙare ya ƙare. Bikin da ya zama dole ki je da zanen da kike da shi, ki kama aiki a madafa, ki yi wanke-wanke. Masu hankali za su gane, sauran kuwa ko kin yi ankon sai sun sami abin faɗa. Waɗanda kika sa wa biki a baya, lokacin da kike gidan miji, suna sane, ba a manta irin wannan bashi.

Dillalin Bobiyel ki kira shi ki ce kin gode, wannan ya fi ƙarfinki. Ki bar masa sallahu, shi da wani dillalin na cikin unguwa, cewa nan da wata huɗu kina son ɗaki a Talaje ko kusa da ita, mai famfo a tsakar gida, wanda bai wuce jika 25 ba. Ki gaya wa matan da ke sayen ƙanƙara wurinki su ma su sa miki kunne, don ɗakuna masu kyau da araha sau da yawa ba sa kaiwa hannun dillali, maƙwabta ke yi wa juna hanya. Kuma ko wane ne ya kai ki, kada ki ba da ko dala sai kin ga mai gidan ido da ido, kin ga makullin ya buɗe ƙofar a gabanki.